Kwalliyar Ranar Allura

Gidana na Kalgo ba shi da nisa da asibiti, kuma kusancin nan ne ya mayar da ni mai masauki ba tare da an nemi shawarata ba. A Gwandu aka haife ni, aure ya kawo ni nan, na yi koyarwa a firamare har na ajiye alli, maigidan ya rasu ya bar ni da ɗakuna biyu ba kowa a ciki. To duk wanda yaronsa ya kwanta a dangi, daga Gwandu ne ko Malisa ko Dodoru, in ƙaramin asibitin garinsu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ƙofata yake fara bugawa. Wasu ma ban san ta inda muka haɗa jini ba. Sai mutum ya sauka daga kabu-kabu ya ce ai kakarsa da kakata sun yi maƙwabtaka, ni kuwa in shimfiɗa tabarma, don ba a tsayar da mai ɗauke da yaro a zaure ana bin salsala.

A haka na san ciwon haƙarƙari, tun kafin in ji likitoci suna ce masa namoniya. Kunnena ne ya koye shi. Numfashi gajere-gajere da ɗan gurnani a ƙarshe, hanci yana buɗewa yana rufewa, fatar ƙasan haƙarƙari tana lotsawa duk lokacin da yaro ya ja iska. Da sanyi ya shigo ɗakunan nan biyu ba sa hutawa. Tukunyar kunu kullum tana kan wuta, ni kuma ina kan hanya da kula a hannu, in kai tuwo in dawo da kwanuka. A ɗakin yara na asibitin gado yakan ƙare, a haɗa biyu a kan ɗaya, kai da ƙafa. Wasu na raka su tasha yaro yana wasa da ɗankunnen uwarsa. Wasu na raka su namiji na rungume da zane a naɗe, in dawo in wanke tabarmar in shanya don na san wani na tafe.

A 'yan shekarun nan abin ya sauya, a hankali har ban lura da wuri ba. Ni ba mai lissafi ba ce. Abin da na gani shi ne wata rana na ɗaga tabarmin baƙi na tarar gara ta ci gindinsu a inda suke jingine, babbar kular nan kuma ta koma ta kai abincin suna. Masu zazzaɓi suna zuwa, masu gudawa suna zuwa, amma masu gurnanin nan sun ragu. Na tambayi wata nas da muka saba, ta ce allura ce aka ƙara a cikin rigakafin jarirai, a cinya ake yin ta, sau uku, ta farkon tana faɗowa daidai da gama wankan jego. Ta ce ba kowane ciwon haƙarƙari take tarewa ba, amma tana tare irin mai tsananin nan da ke kai yaro ga gado. Ta ce yanzu in aka kawo mai shi, kafin ta tambaya takan san amsar: ko ba a yi ba, ko an fara an bari.

Daga nan na zama mai wa'azin allura. Gidan suna, gidan biki, har gidan ta'aziyya in na sami fuska. 'Yan'uwa suka riƙa tsokanata wai asibiti ya ɗauke ni aiki ba albashi. Ban damu ba, bakina dama ba ya gajiya.

Cikin waɗanda suka fi jin wa'azin nan akwai ɗiyar ƙanena. A hannuna ta yi sakandare, yarinya mai shiru, mai tsabta, irin wadda in ta wanke kwano sai ta ɗaga shi ta duba a rana. Ita ta sha riƙe mini kula zuwa ɗakin yara, ta ga abin da na gani. Ta auri wani manomi a Dodoru, yaron kirki, ita ta ce tana so. Gidansu babba ne, tsakar gida ɗaya da uwar mijin, mace mai fara'a da hannun kyauta, wadda ba zan ɗora mata mugunta ba ko a bayan idonta. Da cikin fari ya tsufa aka kawo yarinyar gidan ubanta a Gwandu, kamar yadda ake yi, ta haihu a can, namiji. Na je suna. An yi wa jariri allurar haihuwa, na gani da idona, na dawo hankalina kwance.

Sai dai a wajenmu mace ba ta nuna ɗan farinta nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar abin da ya shafe shi a gaban surukai. In yana kuka sai an ce mata ɗauke shi ki ba shi, sannan ta ɗauka tana kau da kai. Yaron na kakanni ne, su ke da magana a kansa. Haka aka yi mana, haka muka yi. Ni da ke rubutun nan babban ɗana ya yi furfura a gemu, har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba. Kuma ba zan ce al'adar banza ce ba, ita ke sa yaro ya tashi da iyaye da yawa. A Gwandu kuwa mun fi kowa riƙe ta, har muna alfahari.

Abin da ya biyo baya daga baya na tattara shi, wani daga bakin wannan, wani daga bakin wancan. Arba'in ta cika, aka yi wa maijego kitso da lalle aka mayar da ita ɗakinta. Lokacin allurar farko ya faɗo a tsakiyar wannan kai da kawo. Mutanen Gwandu suka ce ai in ta koma mutanen Dodoru za su kai shi, yaronsu ne, bai kamata a yi musu shisshigi ba. Mutanen Dodoru kuma suka ɗauka an gama komai a Gwandu, garin da ya fi su asibiti da masu ilimi, tambaya ma sai ta zama raini. Mijin ya tafi cin rani kudu tun da aka kai amfani gida. Waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun surukinta. Sannan masu ɗigon shan inna suka bi gida-gida, suka ɗiga wa yaro a baki suka shafa masa baƙi a yatsa, kakar ta ce alhamdu lillahi, rigakafi ya kammala.

Sanyi yana ban kwana, wata rana da hantsi, kabu-kabu biyu suka tsaya a ƙofata. Uwar mijin ce ta fara saukowa da yaro a bayanta, ɗiyar ƙanena tana biye da jakar kaya. Kafin su gama sallama na ji gurnanin. Na daɗe ban ji shi a zaurena ba.

"Malama, angon nawa na ba shi jin daɗi," in ji kakar, don haka take kiran jikan nata da wasa. "Sanyi na yak kama shi. Mun shahwa mai, mun yi turare, wanzami ma ya diba shi, abin yaƙ ƙi."

Na buɗe zanen. Ga ƙananan tsagar wanzami a ƙirjinsa ba su gama bushewa ba, ga fatar tana lotsawa har ana iya ƙirga ƙasusuwan. Ban shimfiɗa tabarma ba, mayafi kawai na jawo.

Gado kuwa ga shi nan a ɗakin yara, har da zaɓi. Wannan ya ƙara ƙona mini rai. Ɗakin da na sani cike da masu irin wannan numfashin, ranar namu ne kaɗai. Likita, wani saurayi mai sanyin murya, ya sa aka maƙala wa yaro robar iska a hanci, sannan ya juyo ya ce, "Wace ce mahaifiyarsa?"

Ba wanda ya amsa. Yarinyar tana bakin ƙofa, fuskarta ga bango.

"Ni ak kakatai, likita, tambaye ni," in ji tsohuwar.

Ya tambayi yaushe abin ya fara, ta ce shekaranjiya. Na ga leɓen yarinyar ya motsa, amma ba abin da ya fito. Ya tambayi rigakafi.

"An yi mai. Har gida anka zo anka ɗiga mai, anka shahwa mai baƙi ga yatsa."

Ya yi mata bayani a hankali cewa wancan na shan inna ne, yana nufin allurar cinya. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Wagga ai Gwandu anka yi ta." Nan take na buga wa matar ƙanena waya. Ta ce, "Wace allura? Ai mun bar ma mutanen Dodoru." Na kashe wayar ban yi mata sallama ba.

Na ja hannun yarinyar zuwa waje, gindin wata darbejiya inda masu jinya ke shanya.

"Ke, surukarki ba ta nan. Yaushe yaf fara?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ya fi mako. Ta ce ita ta fara ji, in tana ba shi nono sai ya saki ya nemi iska, ya sake kamawa ya sake saki.

"Kin hwaɗi ma wa?"

"Na ce ma Inna, yaron ga naku awa ba shi sha sosai. Tac ce haƙori na."

"Sai kinka yi shiru?"

"Goggo, in na sake hwaɗi sai a ce idona ya buɗe bisa ɗa."

Raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan yi wa faɗa ba. Yarinyar ta yi abin da muka koya mata ne. Tsohuwar ta yi abin da ta sani. Na koma ciki na gaya wa likita gaskiyar kwanakin, ya gyaɗa kai ya sauya wani abu a maganin.

An yi ƙoƙari, wannan zan shaida ko a gaban wa. Allurai, ƙarin ruwa, iska, nas-nas suna leƙowa a kai a kai. Kakar ta zauna a bakin gado ba ta matsawa, tana tofa addu'a tana shafa masa kai. "Angona, tashi mana. In ka kwanta wa za ya yi mani noma?" Yarinyar kuwa tana ƙasa can gefe, ta wanke tsumma, ta tatsi nono a kofi a zuba masa ta roba. Ba ta duban gadon sai in tsohuwar ta fita alwala. Da na lura sai na riƙa ƙirƙiro dalili, in ce Hajiya je ki gida ki watsa ruwa, Hajiya tuwon nan da zafi ya fi daɗi, je ki ci a can. In ta tafi ni ma sai in fita baranda in ba su wuri.

Rannan na leƙa ta taga. Yarinyar ta durƙusa a bakin gadon, ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa, bakinta a kunnensa tana faɗa masa wani abu. Fuskarta duk ta sauya, ban taɓa ganinta haka ba. Sai ga ƙarar takalmin tsohuwar a baranda. Kafin ta shigo yarinyar ta koma wurinta ta ɗauki kofi tana gogewa.

Tsakanin azahar da la'asar yaron ya cika, a hannun kakarsa. Tsohuwar ta yi kuka har aka riƙe ta. Uwarsa ta tattara kofuna, ta linke zannuwa, ta ɗaure jaka.

A Dodoru aka yi zaman makoki. Masu ta'aziyya suna shigowa su wuce wurin kaka, su wuce wurin kakan namiji, don a wajen kowa su aka yi wa rashi. Uban ya iso bayan an rufe. Yarinyar tana madafa tana dama wa baƙi kunu, ta ɗaure ƙirji da zane tamau saboda nono yana zuba. Ina zaune na ji wasu mata suna yaba ta. "Ɗiyar mutanen Gwandu akwai kunya. Ko hawaye ba ta yi ba." Irin yabon da aka yi mini ne a ƙuruciyata na ji daɗi. Ranar na tsane shi, na tashi na zagaya bayan rumbu don kada bakina ya jawo mini abin da za a daɗe ana faɗa.

Can tsohuwar ta same ni, idanunta sun kumbura. "Malama, wallahi da na san da wata allura, da ni ka goya shi in tai, ko da ƙasa na. Ba wanda yag gaya mani." Na yarda da ita. Na kama hannunta muka tsaya, biyunmu tsofaffi.

Allah ya sake ba yarinyar haihuwa, mace. Wannan an yi mata allura duka, ba abin mamaki ba ne, ɗa na biyu ba a jin kunyarsa. Ni kuma na ci gaba da zamana a Kalgo, tabarmin baƙi suna jingine. In sanyi ya shigo nakan ji daɗin shirun gidan, sai in tuna wanda ya karya shirun, daɗin ya gushe.

Bara na je Dodoru suna, na kwana a gidan auren ɗiyar ƙanena. Da safe, ashe ranar allura ce a ƙaramin asibitin garin, na fito na tarar 'yar tata tana cinyar kaka, ita ba ta nan. Jim kaɗan sai ga ta da goyo, jariri da ban sani ba, ya sha kwalli da hula. Na tambayi tsohuwar na wane ne.

"Na maƙwabta na, ɗan hwari," ta ce. "Haka ta ka yi duk ranar allura. Ta shiga gida ta ce Inna ku ba ni aron angonku in kai shi. Wa ka hana ta? Ɗan wata ai ba a jin kunyatai."

Na ce zan raka ta. Muna tafe na waiwaya na hangi wata 'yar yarinya tana biye da mu daga nesa, da bokiti a hannu, wai ita ruwa za ta ɗebo. Famfon kuwa yana daura da asibitin. Ban buƙaci a gaya mini uwar wane ce ba.

Muka zauna a benci muna jiran layi. Na ce, "Ɗiyata, yaya kika sanin gidan da za ki shiga? Su uwayen ka gaya maki?"

"Ba su hwaɗi, Goggo. Ba su iyawa."

"To?"

"Ina shiga da sahe in gaida tsohi. In na ishe jariri an yi mai wanka, an sa mai kwalli da rigar suna, an aje shi bakin ƙohwa, kuma babu buki ga garin, to na san uwatai ta san yau ranar allura ta."

Na ce wa ya koya mata wannan.

Ta kwance goyon, ta ɗora yaron a cinya, ta gyara masa hula. Ba ta dube ni ba.

"Haka ni ka yi mai. Duk ranar allura, tun da munka dawo daga Gwandu. In shirya shi in aje inda Inna ka wucewa, ko Allah shi sa ta tambaya ina za shi. Sai ta ɗauke shi ta yi mai rawa, ta ce yau angona ya sha kwalliya."

Aka kira layinta, ta tashi ta shiga. Ina zaune na ji yaron ya tsala kukan allura. Can bakin famfo 'yar yarinyar ta juya mana baya tana ta bugawa, bokitin ya cika tuni, ruwa yana zuba a ƙafafunta.